Les Jeunes Amants: masu sharhi sun tsaya lissafin shekaru, sun bar matar gida a tsaye

Shauna tana da shekara 70. Ta yi ritaya daga aikin zanen gine-gine, ba ta da miji, tana da 'ya babba da jika, kuma ta daɗe da rufe babin soyayya a rayuwarta. Pierre yana da shekara 45, likitan cutar daji ne a wani asibiti a birnin Lyon, yana da mata da 'ya'ya. Tsakaninsu akwai tazarar shekara 25. A kan wannan tazara aka tallata Les Jeunes Amants, fim ɗin darakta Carine Tardieu da aka fara nunawa a bikin finafinai na birnin Rum a 2021, ya shiga gidajen sinima na Faransa ranar 2 ga Fabrairun 2022. A kanta kuma yawancin masu sharhi suka yi ta kai-komo. Bayan kallon fim ɗin a tsanake, ra'ayina shi ne an yi muhawarar a inda ba ta fi zafi ba. Shekarun Shauna su ne abin da fim ɗin ya fi warwarewa cikin sauƙi. Abin da ya gagare shi shi ne Jeanne, matar Pierre, da kuma ciwon da aka ɗora wa Shauna daga tsakiyar labari.

Tsawon fim ɗin bai cika awa biyu ba, kuma a gine yake kashi uku. Kashin farko gajere ne: dare a asibiti, aminiyar Shauna tana kan gargara, Pierre ne likitan da ke bakin aiki, suka yi 'yar magana a baranda suka rabu. Sai labarin ya tsallake shekara 15. Abokin aikin Pierre, Georges, wanda shi ne ɗan marigayiyar, ya kai shi gidan Shauna da ke bakin teku a ƙasar Ireland, nan suka sake haɗuwa. Kashi na biyu shi ne zawarcin kansa: saƙonnin waya, jirgin ƙasa mai gudu tsakanin Lyon da Paris wanda tafiyarsa kamar awa biyu ce, haɗuwa a ɓoye, ja da baya, dawowa. Kashi na uku kuwa na asibiti ne da hawaye, bayan cutar Parkinson ta bayyana a jikin Shauna.

Kafin a shiga abin da aka faɗa a kan fim ɗin, ya kamata a san daga ina labarin ya fito, domin hakan ya yi tasiri a kan yadda 'yan jaridar Faransa suka karɓe shi. Ba Tardieu ce ta ƙirƙiro shi ba. Sólveig Anspach, darakta 'yar asalin Iceland da ta yi aikinta a Faransa, ita ta fara rubuta shi tare da marubuciya Agnès de Sacy, kuma labarin mahaifiyarta ne, wadda ita ma mai zanen gine-gine ce, ta kuma faɗa soyayya da wani likita da ta girme wa nesa ba kusa ba lokacin da tsufa ya riga ya kama ta. Cutar daji ta kashe Anspach a watan Agustan 2015 kafin a kai ga ɗaukar fim ɗin. Tardieu ta gaji aikin, ta sake rubuta shi da de Sacy. Fim ɗin da ya zo da irin wannan tarihi, wato wasiyyar mamaciya a kan mahaifiyarta, da wuya mai sharhi ya ɗaga masa murya. Ana jin wannan sassauci a rubuce-rubuce da yawa: kalmomin da suka fi yawo su ne kunya, taushi, ladabi, natsuwa. Duk gaskiya ne. Amma ladabin fim ba shi ne ingancinsa ba.

Lokacin fitowarsa ma ya taimaka masa. A Janairun 2020 littafin marubuciya Vanessa Springora ya tona yadda wani shahararren marubuci ya yi lalata da ita tana 'yar shekara 14, alhali manyan masana adabin ƙasar suna kallo suna yaba masa. A Afrilun 2021 Faransa ta kafa dokar da ta ce babu batun amincewa tsakanin baligi da yaron da bai kai shekara 15 ba. Daga nan duk fim ɗin da ya taɓo tazarar shekaru sai an bincike shi da fitila. Wannan kuwa ya tsallake lafiya, don ƙaramin cikin masoyan yana da shekara 45, yana da furfurarsa da albashinsa, ba ɗalibinta ba ne, ba yaron gidanta ba ne, ba ya neman kuɗinta. Ga kuma ƙasar da matar shugabanta, Brigitte Macron, ta girme wa mijinta da shekara 24. Saboda haka masu cewa fim ɗin ya fasa wani babban haramci sun ɗan yi zuzutawa. Abin da ya yi na gaske ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya fi shi amfani: ya ba mace mai shekara 70 babban matsayi a labarin soyayya, ba a matsayin kakar wani ba. Ƙungiyar 'yan wasa ta AAFA tana da kwamitin da ke ƙirga rawar da ake ba matan da suka haura 50 a finafinan Faransa, kuma shekara da shekaru adadin bai kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali kusan rabin matan ƙasar da suka balaga sun haura wannan shekaru. A wannan ma'auni fim ɗin ya cancanci yabon da ya samu.

Inda kusan kowa ya haɗu shi ne kan Fanny Ardant, wadda ta fito a matsayin Shauna. An haife ta a 1949, ta yi suna tun zamanin darakta François Truffaut a farkon shekarun 1980, kuma wannan rawa ta kai ta jerin mata biyar da suka yi takarar gwarzuwar jaruma a César, babbar kyautar finafinan Faransa, a 2023, kodayake Virginie Efira ce ta lashe. Abin lura a wasanta shi ne ta rage kanta. Ardant an san ta da murya mai kauri da ja, da dariya mai cika ɗaki, da tafiyar ƙasaita. A nan an sa mata takalmi marar tsini, gashi fari, rigar ruwa mai faɗi, kuma yawancin aikin a hannuwa da idanu take yin sa. Idan Pierre ya matso, kafaɗarta ce take fara ja da baya kafin bakinta ya ce wani abu. Idan saƙo ya shigo wayarta, sai ta ɗan dakata kafin ta duba, dakatawar wadda ta san abin da take so kuma take jin kunyar son sa. Tsoron Shauna ba maganar mutane ba ce. Tsoronta jikinta ne, da ranar da wannan mutum zai gan shi da haske. Tardieu ta fahimci haka, shi ya sa a fitowar da suka kaɗaita kyamara ba ta yin gaggawa: fuska, wuya, bayan hannu mai jijiyoyi, fatar da ta saki. Ba a ɓoye tsufa ba, ba a kuma baje shi don a ba mai kallo mamaki ba.

Sukar da aka fi maimaitawa ita ce Ardant ta cika kyau. Wato, ina abin mamaki idan namiji ya so Fanny Ardant, ko da shekarunta nawa? Da an ɗauko tsohuwa irin wadda ake gani a layin karɓar fansho, mai ƙiba da ciwon gwiwa, da tambayar fim ɗin ta fi kaifi. Rabin wannan magana gaskiya ce. Fim ɗin ya sauƙaƙa wa kansa aiki, ba ta fuskar kyau kaɗai ba har ta fuskar arziki: ita tana da gida a Paris da wani a bakin teku, shi babban likita ne, tikitin jirgin ƙasa ba ya damun kowa, babu wanda ke dogara da aljihun wani. An share duk wata ƙura da ke sa a zargi irin wannan soyayya a rayuwar yau da kullum, musamman zargin cewa yaron abin hannunta yake so. Sai dai ɗaya rabin sukar bai tsaya da ƙafarsa ba. Wannan ba shi ne karon farko da Ardant ta fito a matsayin wadda ta girme wa masoyinta ba. Ta yi haka a fim ɗin Les Beaux Jours na 2013, kuma a can an bar ta da kwarjininta, shi ya sa labarin ya zama na sha'awa da nishaɗi. A nan an cire mata wannan kariya. Wanda ya kalli fitowar da Shauna ta kasa fita daga bahon wanka ba zai ce kyau ya cece ta daga komai ba.

Melvil Poupaud, wanda ya fito a matsayin Pierre, aka kuma haife shi a 1973, shi aka ba aiki mafi wuya kuma shi aka fi yi wa rowar yabo. Dole ya sa mai kallo ya yarda cewa mutum mai hankali, mai mata kyakkyawa da ke son sa, zai iya rasa barci saboda tsohuwa, ba tare da ya zama mahaukaci ko mayaudari ba. Ya yi hakan ta hanyar mantuwa da ruɗewa: likita ne da ke barin kayansa a ko'ina, wanda kullum hankalinsa ke wani wuri. Matsalar ba daga wasansa take ba, daga rubutu take. Marubutan sun ji tsoron kada a ce soyayyar ba ta da dalili, sai suka ba shi tsohon rauni, wato jaririn da shi da Jeanne suka rasa shekarun baya. Da zarar an kawo wannan, mai kallo zai fara fassara: ashe makoki ne bai gama ba, ashe wadda zai kula da ita yake nema. Fim ɗin da ya ce so ba ya bukatar hujja, sai ga shi yana miƙa hujja ta bayan gida.

Yanzu ga Jeanne, wadda Cécile de France 'yar Beljiyam ta fito a matsayinta. Fitowar da ta fi kowace ƙarfi a fim ɗin tata ce. Pierre ya gaya mata akwai wata, ta shiga ɗimuwa, sai ya faɗi shekarun matar, sai Jeanne ta fashe da dariya. Dariyar sauƙi ce, irin ta wadda aka ce mata gobara ta tashi a gidanta sannan ta tarar ashana ce. A cikin 'yan daƙiƙoƙi dariyar ta mutu a fuskarta, saboda ta gane cewa abin ya fi muni. Da yarinya ce 'yar shekara 25, da ta san sunan ciwon: sha'awa ce, za ta wuce. Amma mijin da ya bar ki saboda mai shekara 70 ba jiki ya bi ba, kuma ba ki da makamin da za ki yi yaƙi da shi. Masu sharhi da yawa sun ambaci wannan dariya a matsayin madubin al'umma, wato ga yadda duniya ke raina tsohuwa. Haka ne, amma sun tsaya a rabin fitowar. Rabi na biyu, inda matar da ba ta yi laifin komai ba ta fahimci girman asararta, shi ne zuciyar lamarin, kuma daga nan fim ɗin ya fara kauce mata. Ana ba ta fitowa nan da can, tana fushi da mutunci, tana haƙuri da mutunci, har mutuncin ya yi yawa. An yi ta mai fahimta ƙwarai domin kada mai kallo ya tsani masoyan. Wannan dabara ce ta marubuci, ba halin ɗan Adam ba. 'Ya'yansu ma haka: suna nan a gefe, ana ganin damuwarsu, amma ba a bari ta yi nauyin da za ta hana labarin tafiya inda aka nufa.

A nan ne mai kallo Bahaushe zai ga fim ɗin daban da ɗan Paris. Mace ta girmi miji ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi da tarihin auren Manzon Allah (SAW) da Nana Khadija, wanda a ruwayar da ta fi shahara tana da shekara 40 shi yana da 25, ko da yake a aikace har gobe ana yi wa saurayin da ya auri babbar bazawara kallon mai kwaɗayi. Abin da zai tsaya masa a rai shi ne babu aure a tsakanin Pierre da Shauna, kuma akwai igiyar wata a kansa. Da a Kano aka rubuta labarin, da tun kafin rabin fim an kai kuɗin gaisuwa, sauran ya zama rikicin uwargida da amaryar da a shekaru ta isa ta haife ta. A Faransa doka ta hana auren mace fiye da ɗaya, don haka ƙofa biyu ce kawai: ya saki ɗaya, ko ya ci amanar ɗaya. Duk nauyin labarin a kan wannan ƙunci yake zaune. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba zai yi ta mamakin me ya sa mutanen nan suke wahalar da kansu.

Sai batun ciwo, wanda a kansa masu sharhi suka rabu biyu. Wasu sun ce shi ya ba fim ɗin zurfi, domin ya mai da tambayar daga "shekarunki nawa" zuwa "saura nawa". Wasu suka ce an cika wa labarin kaya: mai mutuwa a farko, likitan daji, jaririn da ya rasu, sannan Parkinson. Ina tare da na biyun, kuma ga dalili. Ta fuskar likitanci an yi aikin da kyau. Cutar tana tasowa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine suka riƙa mutuwa, kuma ba karkarwa kaɗai ba ce kamar yadda aka fi ɗauka: akwai sanyin motsi, da sandarewar gaɓoɓi, da rashin daidaito a tsaye, da faɗuwa. Magani irin levodopa yana rage alamun amma ba ya tsayar da cutar. Ardant ta nuna wannan ba tare da wuce gona da iri ba, hannun da ake ɓoyewa a aljihu, ƙafar da ta ƙi ɗaguwa. Illar tana ga ginin labarin. Kafin ciwon, dalilin da Shauna ke korar Pierre shi ne ba ta yarda tsohuwa ta cancanci a so ta ba, kuma wannan sabuwar tambaya ce da sinima ba ta saba yi ba. Bayan ciwon, dalilinta ya koma "ba na so in zame maka kaya", wanda an yi shi sau ɗari da jarumai 'yan shekara 30. Ciwon ya kuma wanke Pierre: mutumin da ya bar matarsa saboda wata ya zama likitan da ya ƙi guje wa maras lafiya. Wa zai zarge shi? Da an bar Shauna da lafiyarta, tsufa kawai, da dole fim ɗin ya amsa tambayar da ya ɗauko da kansa.

Ta fuskar sana'a babu abin kushewa sosai. Hoton Elin Kirschfink yana son dare da ruwan sama da gilashin taga, launuka masu sanyi a asibiti, masu ɗumi a ɗakin Shauna. Kiɗan Éric Slabiak yana da daɗi, sai dai a kashi na uku yana shigowa tun kafin hawaye su taru, kamar ba a yarda mai kallo zai ji abin da kansa ba. Florence Loiret Caille, wadda ta fito a 'yar Shauna, ita ke kawo 'yar dariyar da fim ɗin ke bukata, kuma ta wurinta aka taɓo wani abu da ba a cika faɗa ba: 'yar da ke fama da kaɗaici a tsakiyar shekarunta, ta wayi gari uwarta ce ake so.

Ga mai niyyar kallo, akwai abubuwan da za su iya ɓata masa shi. Na farko sauti. Ardant tana magana ƙasa-ƙasa tana haɗiye ƙarshen kalma, Poupaud ma ba mai ɗaga murya ba ne, don haka ko wanda ya yi makaranta da Faransanci a Yamai ko Damagaram zai fi jin daɗi idan ya sa abin ji a kunne, ko ya kunna rubutun ƙasan allo na Faransanci. Lasifikar waya tana cinye rabin hirar. Wanda zai neme shi da fassarar Ingilishi, sunansa a can The Young Lovers, kuma ya haɗa da sunan daraktar wajen nema domin akwai tsofaffin finafinai masu wannan suna. Na biyu haske. Fitowa da yawa a duhu aka ɗauke su, kwafi mai ƙaramin nauyi yana mai da su baƙin dunƙule, kuma abin da ake so a gani, wato motsin fuska da hannu, shi ke fara ɓacewa. Gara a sauke mai inganci a kalla da dare a kan allo mai ɗan faɗi. Na uku, ba fim ɗin falo ba ne. Babu tsiraici na fitar hankali, amma akwai sumba da kwanciya da shan giya a teburin abinci, kuma jigon kansa cin amanar aure ne, saboda haka ba na kallo da yara ko surukai ba ne. Wanda kuma ya saba da fim mai gudu ya shirya haƙuri, domin a nan minti biyu na iya wucewa ba a ce komai ba, mutum biyu suna tsaye a bakin ƙofa.

Idan maki ake so, zan ba shi 7 cikin 10: sa'ar farko ta kai 9, rabin sa'ar ƙarshe ba ta wuce 5 ba. A kalle shi saboda Ardant, a kuma sa ido sosai a kan Cécile de France, wadda sunanta bai shiga jerin 'yan takarar César na wannan shekarar ba.